Asibitin Haƙori Ya Yi Wa Talaka Nisa

A unguwar Idi-Araba ta birnin Ikko akwai maƙwabta biyu da suka shekara fiye da hamsin suna kallon juna. Na farko shi ne zangon Hausawa, inda dubban mutanen Arewa ke kwana suna tashi, suna neman abinci da guminsu. Na biyu kuwa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko, inda aka buɗe makarantar horar da likitocin haƙori ta farko a ƙasar nan cikin shekarar 1966. Haka zancen yake a Badun, domin daga unguwar Sabo zuwa babban asibitin jami'a ba wata tafiya ba ce. To, amma duk wanda ya zauna a waɗannan unguwanni ya san cewa idan ciwon haƙori ya kama ɗan dako, ko mai gadi, ko mai shayi, ba ƙofar asibitin nan yake fara dosa ba. Kemis yake zuwa, ko wurin mai magani a bakin tasha. Sai ranar da kunci ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, sannan 'yan'uwa su ɗauke shi ranga-ranga zuwa wurin likita. A ƙafa dai asibitin yana kusa da shi, amma a aljihu da a tsari ya yi masa nisa ƙwarai.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a yi maganar haƙori a fili, kamar yadda ake maganar zazzaɓin cizon sauro da ta haihuwa. An daɗe ana ɗaukar aikin haƙori a kan kayan ƙawa na masu hali, shi ya sa aka rataye shi can sama, a manyan asibitoci na manyan birane, aka bar ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye babu ko madubin duba baki. Abin da ya biyo baya shi ne talaka ba ya haɗuwa da likitan haƙori sai a rana guda, watau ranar da za a cire masa. Muddin ba a sauko da wannan aiki zuwa inda jama'a suke ba, to, duk wata manufa da za a rubuta a Abuja za ta ƙare ne a cikin akwatin ofis.

Bai kamata a raina girman matsalar ba. A rahoton da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2022, ta ce kimanin mutum miliyan 3,500 ne a duniya ke fama da cututtukan baki da na haƙori, watau kusan rabin 'yan Adam ke nan, kuma uku daga cikin kowane huɗu nasu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi irin Nijeriya. Ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce cutar da ta fi kowace yawa a doron ƙasa. Duk da haka ba a cika jin an tayar da zancenta a Majalisa ba, saboda ba ta kayar da mutane a tsakiyar kasuwa kamar amai da gudawa. A hankali take cin mai ita, cikin dare, shi kaɗai.

Yadda cutar ke kama mutum ba wani asiri ba ne. A bakin kowa akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da ke liƙewa a jikin haƙori. Abincinsu shi ne sukari. Duk lokacin da suka samu, sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke cin farin ɓawon haƙori sannu a hankali har ya huda shi. Wannan shi ne kogo. A farkon lamari kogo ba ya ciwo, sai ɗan tsami idan an sha ruwan sanyi, kuma a wannan lokaci likita zai iya share shi ya cike cikin zama guda, haƙori ya ci gaba da aikinsa shekara da shekaru. Idan aka bar shi ya kai ga jijiya, nan ne ake samun raɗaɗin da ke hana barci. Idan aka ƙara barinsa, sai mugunya ta taru a gindin haƙori, ta bi ta cikin muƙamuƙi zuwa ƙarƙashin harshe da wuya. Likitoci sun san wannan kumburi sarai, domin yakan toshe hanyar numfashi, ya yi ajalin ƙato mai jini a jika cikin 'yan kwanaki. Ciwon dasashi shi ma haka yake tafiya. Yana farawa da ɗan jini a jikin asuwaki, ya ƙare da haƙora suna girgiɗi suna zubewa, kuma ya fi tsanani ga masu ciwon sukari da masu shan taba.

Ga mai albashi, ciwon haƙori hutun kwana biyu ne. Ga ɗan ci-rani kuwa, wanda sai ya fita ake ɗora tukunya, kowace rana a kwance hasara ce biyu, domin shi bai samu ba, iyalin da ya baro a Kano ko Sakkwato ko Katsina su ma ba su ga aike ba. Mai dakon buhun albasa a kasuwar Mile 12 ba ya iya ɗaukar kaya da kunci a kumbure. Mai tura ruwa ba ya iya tura kura bayan ya kwana uku bai runtsa ba. Yaron da haƙori ya hana shi tauna ba ya cin abinci yadda ya kamata, ba ya kuma fahimtar karatu. Waɗannan duk hasara ce ga ƙasa, ko da yake babu ofishin da ke lissafa ta.

Asalin wannan nisa yana cikin tarihi. Bayan makarantar Ikko, cikin shekarun 1970 aka buɗe wasu guda uku a jami'o'in Badun da Ife da Binin. Huɗun nan su kaɗai suka riƙe ƙasar tsawon shekaru masu yawa, kuma dukkansu a kusurwa ɗaya suke. Sai bayan shekara ta 2000 Arewa ta sami nata, a Maiduguri, daga baya kuma a Kano da wasu wurare. Har yanzu likitocin haƙori da ke aiki a Nijeriya 'yan dubbai ne kawai, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan 200. Cikin 'yan kaɗan ɗin nan ma, mafi yawa sun taru ne a Ikko da Abuja da Badun da Fatakwal da manyan biranen jihohi, kuma da dama daga cikinsu asibitin kuɗi suke aiki. Bugu da ƙari, kowace shekara wasu suna tattara kayansu zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa, bayan ƙasa ta kashe dukiya wajen horar da su. Ba za a ga laifinsu su kaɗai ba. Wanda ya yi shekara shida yana karatu, aka kai shi ɗakin da kujerar aiki ta lalace, babu wuta, babu ruwa, lalle zai nemi inda zai yi aikin da ya koya.

A takarda, ƙasar nan ba ta rasa alkawari ba. A taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya daga matakin farko yake farawa, kusa da gidan mutum. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya tsayin daka wajen kafa wannan tsari a ƙananan hukumomi, kuma har gobe ana tuna shi da alheri saboda allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari. Sai dai baki bai sami gurbi sosai a cikin wannan gini ba. Cikin 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da Manufar Ƙasa kan Lafiyar Baki, wadda ta yi alkawarin shigar da aikin haƙori cikin ƙananan asibitoci. Shekaru fiye da goma sun shuɗe. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774, kuma duk mai son sanin inda alkawarin ya kwana, sai ya shiga ɗakin shan magani na unguwarsu ya ce haƙori ke damunsa. A mafi yawan wurare abin da zai samu shi ne ƙwayar kashe zafi da takardar turawa zuwa babban asibiti.

A manyan asibitocin jihohi kuwa akwai sashen haƙori, akwai kuma ma'aikata masu ƙoƙari waɗanda suka cancanci yabo. Amma aikin haƙori aiki ne na kaya. Yana buƙatar kujera mai motsi, da injin huda, da na'urar ɗaukar hoto, da tukunyar dafa kayan aiki, da garin ciko da ake sayowa daga ƙasashen waje da kuɗin musaya. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, ciko ya tsaya. Abin da ba ya tsayawa shi ne cirewa, tun da ita allura da awartaki kawai take nema. Ta haka sashen haƙori na gwamnati a wurare da yawa ya koma ɗakin cire haƙori. Mara lafiya ya zo a makare, kaya babu, kuɗin gyaran jijiya ya fi ƙarfinsa, sai a cire. Shi kuma ya koma unguwa ya ba da labari cewa likitan haƙori ba ya komai sai cirewa, na bayansa su ji tsoro su ƙi zuwa da wuri, su ma su zo a makare. Haka abin yake ta juyawa.

Sai batun kuɗi. Cikin 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kowace shekara domin kiwon lafiya. Nijeriya ce ta karɓi baƙuncin taron, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Saboda haka fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, a daidai lokacin da ciwo ya kama su. An fara shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, amma ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni suka fi cin moriyarsa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa ƙarfi. Wannan mataki ne mai kyau. Amma mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege, da mai goro a Shagamu, da mai wankin takalma a Anacha, ba su da takardar albashi da za a yanki kuɗi daga ciki, kuma da yawansu ba su taɓa jin labarin shirin da harshen da suke fahimta ba.

Ko da ɗan ci-rani ya yi ƙarfin hali ya tafi asibiti, akwai wasu shingaye a gabansa. Zai yanki kati, ya bi layi tun da asuba, a tura shi ɗaukar hoto, a ce ya dawo mako mai zuwa. Kowace dawowa yinin aiki ne ya tafi. Ana yi masa bayani da Turanci ko Yarabanci ko Ibo, yana gyaɗa kai don kunya, alhali bai gane ko sau nawa zai sha maganin ba. Matar aure da ke cikin gida a zango ita tata wahalar ta fi, domin sai an sami mai raka ta, sai kuma mai gida ya bar sana'arsa. Ba mamaki idan mutum ya auna wannan duka ya zaɓi hanyar da ta fi kusa.

Hanyar da ta fi kusa kuwa ita ce mafi haɗari. Duk inda gwamnati ta bar giɓi, 'yan damfara ke cike shi. A tashoshin mota da bakin kasuwanni akwai masu shimfiɗa tabarma suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori, su turara wa mutum hayaƙi, su nuna masa wasu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, kogon yana nan yadda yake, kuɗin ne kawai suka tafi. Akwai masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, akwai masu danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi har ta ƙone naman. Akwai masu sayen kafso biyu ko uku a kemis duk lokacin da kumburi ya taso, su daina sha da zarar ya lafa, har ƙwayoyin cuta su saba da maganin ya daina yi musu komai. Wasu samari kuma ta hanyar neman sauƙin ciwon haƙori suka fara shan tiramadol, suka kasa bari. Mafi muni su ne masu cire haƙori da awartakin da ba a dafa ba, daga wannan baki zuwa wancan, hanyar da ciwon hanta da cutar ƙanjamau ke iya bi su shiga jini. Kanumfari yana ɗan rage zafi, ruwan gishiri mai ɗumi yana tsabtace baki, amma babu ɗayansu da ke cike kogo.

Rashin sani game da haƙoran yara ya riga ya jawo wa ƙasar nan makoki. Iyaye mata da yawa, a Kudu da Arewa, sun ɗauka cewa zazzaɓi mai zafi da gudawa dole ne ga yaro mai fitar da haƙori, sai su ce ai haƙori ne, su nemi ruwan magani a kemis maimakon su kai shi asibiti. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani ruwan maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Ikko da wani sinadari mai guba, ya lalata ƙodar jarirai, aka tabbatar da mutuwar yara 84 a sassan ƙasar nan. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, kotu kuma ta yi hukunci daga baya. Amma darasin da ya kamata a koya shi ne fitar haƙori ba cuta ba ce. Yaro yakan yi ƙaiƙayin dasashi da dalala da ɗan rigima. Zazzaɓi mai zafi ko gudawa wata cuta ce daban, kuma asibiti take so. Da akwai mai faɗa wa uwa wannan magana ranar awo ko ranar allurar rigakafi, da an tsirar da rayuka.

Akwai kuma wata cuta da ya wajaba mutanen Arewa mazauna Kudu su sani, domin 'ya'yansu da ke gida ne ta fi yi wa barazana. Likitoci suna kiranta noma, kuma sunan ba shi da wata dangantaka da aikin gona. Tana kama yara masu shekara biyu zuwa shida, musamman waɗanda tamowa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe da hanci, har ƙashi ya fito. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara daga cikin yara goma da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Waɗanda suka rayu kuwa sukan tashi da fuskar da ke sa a ɓoye su a ɗaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka kafa a 1999 domin waɗannan yara, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke taimakawa tun 2014, ana yi musu aikin gyaran fuska kyauta. Nijeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, aka kuma amince a watan Disamba na 2023. Wannan abin alfahari ne. Amma abin takaicin shi ne a matakin farko maganin cutar bai wuce maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki ba. Duk yaron da aka kai Sakkwato da ramin kunci shaida ne cewa babu wanda ya buɗe bakinsa ya duba makonni kaɗan kafin nan.

Wasu za su ce ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa, zazzaɓi ke kashe yara, ba ta da sukunin kula da haƙori. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma za a yi watsi da ita ba. Amma ta ginu ne a kan zaton cewa aikin haƙori sai da kujera ta miliyoyin Naira da likita mai digiri. Ba haka ba ne. A ƙasar Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka gwada wata hanya ta cike kogo da kayan hannu kawai, ba wuta, ba injin huda, ana share ruɓaɓɓen wuri a liƙe shi da wani irin gari mai kamawa, kuma hanyar ta yaɗu zuwa ƙasashe da yawa. Ƙasar New Zealand tun 1921 ta fara horar da mata ma'aikatan jinya su riƙa duba haƙoran yara a makarantu, ba ta jira sai kowane gari ya sami likita ba. Cikin 2021 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai sinadarin fuloraid, da garin cikon nan, da wani ruwa da ake shafawa ya tsayar da ruɓewa, a cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa a kowace ƙasa ba. Nijeriya ma tana da hannayen da za su yi aikin. Makarantar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a Inugu ta daɗe tana yaye mataimakan likitan haƙori, makarantun koyon aikin lafiya na jihohi su ma suna yaye nasu, da yawa kuma suna zaune babu aiki.

Saboda haka ga abin da wannan jarida take kira a yi. Na farko, Gwamnatin Tarayya ta sa duba baki, da ciko mai sauƙi, da cire haƙori cikin tsabta, a cikin ayyukan da ake biya daga asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Tun 2022 aka fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi. Adalci shi ne wani kaso na kuɗin da sukari ya kawo ya tafi wajen gyara ɓarnar da sukari ya yi.

Na biyu, kowace jiha ta ɗauki mataimakan likitan haƙori aiki, ta tabbatar da cewa a kowace ƙaramar hukuma akwai aƙalla asibiti ɗaya da ake aikin haƙori kullum, da likita mai zagayawa yana duba aikinsu. Kada a sayi kujera sai an tanadi mai gyaranta da kuɗin kayan aikinta, domin ƙasar nan ta gaji da injunan da ake yanke musu ƙyalle a gaban 'yan jarida, bayan wata shida su zama wurin ajiye fayil. A kuma koya wa ungozoma da malaman asibiti na ƙauye su riƙa buɗe bakin kowane yaro da aka kawo awo ko rigakafi, musamman a jihohin da tamowa ta yi yawa.

Na uku, gwamnatocin jihohin Kudu su tuna cewa mutanen zango mazauna ne, suna biyan kuɗin rumfa da na tasha da na shara kamar kowa. Jihar Legas tana da shirin inshorar lafiya mai suna Ilera Eko, wasu jihohi ma suna da irinsa. A kai teburin rajista Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabo, a yi bayani da Hausa, a sa tafinta a asibitocin da ke maƙwabtaka da zango. Makarantun likitan haƙori kuma, waɗanda ɗalibansu ke buƙatar marasa lafiya domin koyon aiki, su riƙa fita zuwa waɗannan unguwanni a kai a kai.

Na huɗu, 'ya'yan jam'iyya da jama'a suka zaɓa, daga kansila har zuwa ɗan Majalisar Dattawa, su ɗauki wannan magana tasu ce. Rabon burushi da man goge baki ranar biki a gaban masu ɗaukar hoto ba aiki ba ne. Aikin shi ne a tsaya a lokacin kasafi a tambayi nawa aka ware wa lafiyar baki, a kuma koma bayan wata shida a ga ko kuɗin sun fita. Ƙasashen duniya, har da Nijeriya, sun amince da burin cewa kafin 2030 kashi 80 cikin 100 na jama'a su sami damar kula da lafiyar baki ta yau da kullum. Lokacin ya kusa, kuma jama'a suna da haƙƙin su tambayi wakilansu inda aka kwana.

Su ma shugabannin zango akwai nasu nauyin. Sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin mahauta da 'yan goro da 'yan gwari da direbobi, su ne ake jin maganarsu. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi ta kai gawar ɗan'uwa gida tana iya tara kuɗi ta yi wa 'ya'yanta rajistar inshora, ta kuma gayyaci likitoci su zo harabar masallaci ko ofishin kasuwa su duba mutane. Su kuma hana masu awartaki da masu tsutsa shimfiɗa tabarma a wuraren da suke da iko.

Daga ƙarshe, akwai abin da ke hannun kowane magidanci. Musulmi ba baƙon tsabtar baki ba ne, asuwaki sunna ce da aka gada, kuma yana aiki matuƙar an bi kowane haƙori ciki da waje. A haɗa shi da burushi da man goge baki mai fuloraid sau biyu a rana, musamman kafin barci. A rage sukari. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, alhali kwalbar lemo guda tana iya ɗauke da takwas ko tara, ban da abin da mai shayi ke zubawa safe da dare. Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32, kuma turmin farko na dindindin yana fitowa ne tun yaro yana wajen shekara shida, a can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna zaton na nono ne, su bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji. Wanda ya ji tsami a haƙori, ko ya ga jini a asuwaki, ko gyambon baki ya wuce mako biyu bai warke ba, ya tafi asibiti tun ciwon bai kai ga jijiya ba. Wanda kuma ya bugo waya gida, bayan ya tambayi lafiyar yara, ya ce a buɗe bakinsu a duba. Idan an ga dasashi ya kumbura yana jini yana wari ga yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, kada a kwana, a kai shi asibiti a ranar.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a baki. Shekara sittin ke nan, ko kusa da haka, tun da ƙasar nan ta fara horar da likitocin haƙori nata na kanta. Ya isa a ce mai dako a Idi-Araba da yarinya a ƙauyen Sakkwato sun ga amfanin wannan ilmi tun haƙoransu suna bakinsu. Allah ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, ya ba jama'a lafiya mai amfani, amin.